Ƙofar da Aka Rufe wa Mai Gwandu

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ba a naɗa Shi ba, ba kuma a tuɓe Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen garinsu suka fitar da shi, ya komo musu da rinjaye, ya yi afuwa. Da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ina yaro a Baure akwai wani tsohon malami a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, wanda yakan buɗe tafsiri a zaurensa bayan la'asar duk watan azumi. Jalalaini yake ja, amma in aya ta yi nauyi sai ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo wata gafaka da ta sha hannu har fatarta ta yi baƙi, ya ce bari mu ji abin da Mai Gwandu ya faɗa. Littafin rubutun hannu ne, ba a ɗinke yake ba, nassin aya da jar tawada, sharhi da baƙa. Wata rana guguwa ta kutso zauren ta kwashi warƙoƙin ta watsa har bakin hanya. Mu yara muka bi da gudu muna tsinta, muna murna mun sami abin yi. Malam bai ko ɗaga murya ba. Ya karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana duban kalmar da marubuci ya ajiye a gindin kowane shafi, wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba, har ya mayar da kowace warƙa ɗakinta. Wani dattijo da ke jingine da bango, mai son barkwanci, ya ce, "Allah gafarta Malam, duk wannan wahala a kan littafin waɗanda suka kore mu daga Daura?" Aka yi dariya. Malam ya ɗaure gafakarsa, sannan ya ce, "Alhaji, ai mai littafin nan shi ma an rufe masa ƙofa."

Na daɗe ban gane maganar ba. Wannan maƙala ƙoƙari ne na fassara ta.

Barkwancin dattijon yana da tushe. Wajen 1805 Malam Isyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci Daura, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa. Bayan yawo da sauye-sauyen mazauni, wani reshe na tsohon gidan sarautar ya kafu a Zango, wani a Baure, duka biyun suna ƙarƙashin inuwar Damagaram, birnin Daura kuwa yana bin Sakkwato. Ƙasa ɗaya ta zama uku, ta kuma zauna haka kusan shekara ɗari. Saboda haka mutumin Baure yana da alaƙa iri biyu da jihadi: littattafansa ne a gafakarmu, takobinsa kuma shi ya kawo kakanninmu inda muke. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane abin da ya sa ake iya dariya da irin wannan magana a zauren karatu, ba tare da kowa ya ji an taɓa addininsa ba.

An haifi Mai Gwandu, Abdullahi ɗan Fodiyo, wajen 1766, ƙanen Shehu ne da tazarar kimanin shekara goma sha biyu. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsu, yana ɗan shekara goma sha uku aka damƙa shi ga yayansa, daga nan kuma ya bi malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi da kansa ya jera sunayensu da abin da ya karanta a wurin kowanne a cikin Ida'un Nusukh, wanda ladabi ne da ya kamata ɗaliban yau su koya, yanzu da mutum kan tsinci ilmi a waya ya manta inda ya tsinto. Larabcinsa ya kai inda aka yi masa laƙabi da Balaraben Sudan. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, kuma shi ne bakin jama'a idan ana bukatar amsa a rubuce. Lokacin da wani malami ɗan asalin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar halartar mata wurin wa'azi, Abdullahi ne Shehu ya sa ya mayar da jawabi. Hujjarsa ita ce cakuɗuwa ba tafarkinsu ba ce, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni.

Sauran labarin kowa ya sani, ba sai na ja shi ba: hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, mubaya'ar da Abdullahi ne ya fara miƙa hannu a cikinta, Tafkin Kwatto a watan Yuni inda ya jagoranci rundunar da ta karya Yunfa Sarkin Gobir, sannan masifar Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kamar 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A 1805 shi ya ci Birnin Kabi.

Abin da ba a cika karantawa a kan mumbari ba shi ne abin da ya biyo baya. Yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa sun cinye yawancin almajiran Dagel, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna zama gaban Shehu, suka san abin da aka fito nema. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kira su. Tun kafin Alwasa an ga alama, ranar da runduna ta faɗa wa garin Kwalde da wasoso alhali akwai amana tsakani, shugabanni suna hani ba a jinsu. Abdullahi ya zuba ido yana ganin abin da aka yi hijira dominsa yana sauya kama. A cikin Tazyinul Waraƙat ya kwatanta mutanen da ya tsinci kansa a cikinsu: burinsu mulkin garuruwa, tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari ba a fagen fama ba, cin hanci, da kiɗe-kiɗe. Wanda ya faɗi wannan ba Bagobiri ba ne, ba kuma malamin fadar Barno ba. Wazirin Shehu ne, wanda ya ci Kwatto da hannunsa.

Wajen 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai ya zare jikinsa. Ya fuskanci gabas da nufin Makka da Madina, shi da mutum biyar. Ya ba da labari cewa sun kwana uku a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba, babu abin da suke gani sai sawun giwaye. Nakan tsaya a wannan wuri duk lokacin da na zo kansa. Ka dubi mutum ɗan shekara arba'in, wanda ya ba da ƙuruciyarsa duka ga al'amari guda, al'amarin kuma ga shi yana cin nasara, garuruwa suna faɗuwa, tutoci suna tafiya gabas da kudu. A daidai wannan lokaci ya zaɓi sawun giwa a kan sawun rundunarsa. Da an ci su da yaƙi ne ya gudu, da babu abin mamaki. Abin da ya kore shi nasara ce da ta zo da abin da bai roƙa ba.

Allah bai nufe shi da Makka ba. Da ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, jama'a suka tare shi suka hana shi wucewa, suka roƙi ya koya musu yadda ake tsayar da hukunci, domin sun karɓi gari amma sun rasa yadda za su riƙe shi, saɓani kuma ya shiga tsakaninsu. Ya dube su ya ce musu abin da ya guje wa a gida shi ne ya tarar a wurinsu. Duk da haka ya zauna. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe. Ya ce sun tuba sun gyara, har aka farfasa kayan kiɗan da ya tarar, aka mayar da kututturan ganguna abin zuba wa dawaki harawa. Littafin da ya rubuta musu ya rufe shi da bayanin aikin hajji, aikin da shi kansa ya fito dominsa bai kuwa samu ba har ya koma ga Allah. Daga Kano ya juya yamma, ya koma cikin jama'ar da ya bari.

Komawar nan ita ce ta fi tafiyar girma a wurina. Fushi da mutane a tafi a bar su abu ne da ko yaro yana iyawa. Amma ya koma, bai kuma koma da bakinsa a rufe ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da Shehu ya raba kula da ƙasa wajen 1812, ɗansa Bello gabas da arewa, Abdullahi yamma, yana zaune a Boɗinga, bai fasa rubutu a kan sunayen sarauta irin na da, da tambura, da ado, da gadon mulki daga uba zuwa ɗa ba. Ya saɓa wa Shehu kansa a wasu mas'aloli, Shehu yana sassautawa saboda halin jama'a, shi yana tsanantawa. Ba a kuwa kira shi ɗan tawaye ba. A cikin Najmul Ikhwan Shehu ya umarci mutane su karanta littattafan ƙanensa domin shi mai tsare zahirin shari'a ne, su karanta na Bello domin sanin siyasar al'umma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba a gidan nan. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya kammala Liya'ut Ta'awil, tafsirin da guguwa ta watsa mana a Baure, wanda aka buga a Alƙahira a 1961.

Sai watan Afrilun 1817, Shehu ya rasu a Sakkwato. Labari ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau ya taho. Ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ƙofar gari kuma a rufe. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne mafi zurfin ilmi a shaidar kowa, shi ya fara mubaya'a a Gudu. Ya tsaya a bayan ganuwar garin da aka binne yayansa kuma malaminsa, aka bar shi a waje.

Ba na cewa mutanen Sakkwato sun yi zalunci. Bello ya cancanta, shekara ashirin da ya yi yana mulki sun shaida, kuma lokacin ƙasa tana rawa, ƙabilu suna warware alkawari da jin rasuwar Shehu, har Abdussalami na Kware ya ɗaga kai a wannan shekara. Mai tsoron fitina yana da uzuri in ya gaggauta. Amma uzurin mai rufe ƙofa ba ya rage zafin da wanda aka rufe wa yake ji. Abdullahi ya juya ya tafi Gwandu, tsakaninsa da ɗan yayansa kuma aka yi shekaru ana zaman doya da manja.

A nan zan ɗan fita da mai karatu zuwa wata ƙasa, domin abu yakan fi bayyana idan an ajiye shi kusa da kishiyarsa.

A tsakiyar Jamus akwai wani gari, Fulda, da ya tashi a kewayen gidan ruhubanawa wanda aka kafa a shekarar 744. Irin waɗannan gidaje su ne makarantun Turai na wancan zamani: a nan ake kwafar littattafai da hannu, a nan ake koyar da yara, a nan ake ciyar da matafiya. Da tafiya ta yi nisa sai suka tara gonaki da ƙauyuka, har shugaban gidan Fulda ya zama malami kuma sarki, yana da talakawa da haraji da kotu. Alƙur'ani ya ambaci ruhubanawa ta fuska biyu, ya yabi waɗanda ba su girman kai a cikinsu, ya kuma zargi masu cin dukiyar mutane da ƙarya, tarihinsu kuwa ya ƙunshi duka biyun. A 1517 wani daga cikinsu, Martin Luta, ya tashi da sukar Paparoma da malaman coci, Jamus ta dare biyu, Katolika da Furotesta. Aka rufe gidajen ruhubanawa da yawa, sarakuna suka rabe gonakinsu.

A cikin wannan ruɗani, a 1570, aka zaɓi wani saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, Baltasar na Dernbach, ya shugabanci Fulda. Ya tarar yawancin mutanen gari da manyan masu ƙasa sun karkata ga koyarwar Luta, 'yan majalisar gidan kuma sun saki ƙa'idar zuhudun da suka yi alkawari. Ya ɗaura aniyar gyara. Ya kawo malaman ƙungiyar Jesuwit a 1571 suka buɗe makaranta, ya matsa wa na cikin gida su koma kan doka, ya matsa wa na waje su koma tsohuwar aƙida. Ba a jima ba waɗanda ya takura suka haɗa kai da babban limamin Wurzburg, Julius Echter, suka ritsa shi a garin Hammelburg a 1576, suka tilasta masa sa hannu a takardar murabus. Shi ma an rufe masa ƙofa, kuma 'yan aƙidarsa na cikin waɗanda suka rufe.

Shekara ashirin da shida ya yi yana bin shari'a a kotun sarkin sarakuna. Wannan haƙuri ne da ba a raina shi. A 1602 aka yanke hukunci ya koma kujerarsa. To me ya yi da ita? Ya kammala mayar da ƙasar Katolika da ƙarfin mulki, ya kuma saki wani alƙalinsa, Baltasar Nuss, a kan talakawa da sunan farautar mayu. Daga 1603 zuwa 1606 aka kashe mutum wajen 250, galibinsu mata, bayan an azabtar da su har sun amsa abin da ba su yi ba. Cikinsu akwai wata mata, Merga Bien, wadda aka ƙone tana da ciki. Kisan bai tsaya ba sai da shugaban ya mutu a watan Maris na 1606. Magajinsa ya kama alƙalin, ya daɗe a kurkuku, aka fille masa kai a 1618. Mu da muka san yadda kalmar maita guda ɗaya kan rushe gidan tsohuwa a ƙauye, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan abin da ke faruwa in hukuma da kanta ta ɗauki wannan kalma ta sa mata hatimi.

Ban kawo wannan don in ce ga halin Nasara, ga namu ba. Wallahi muna da namu Baltasar ɗin, a da da yanzu: malamin da aka tuɓe daga limanci ya raba masallaci biyu, wanda aka hana shugabancin ƙungiya ya wayi gari ya gano cewa abokan tafiyarsa na jiya duk 'yan bidi'a ne. Na kawo shi ne domin mutanen biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama. Dukansu masu son gyara ne, masu tsanani, waɗanda suka ga na cikin gida sun fi na waje lalacewa. Dukansu sun haɗa littafi da mulki. Dukansu nasu ne suka ture su. Inda suka rabu shi ne abin da kowannensu ya yi da ciwon.

Ga abin da Abdullahi ya yi da nasa. Ragowar mutanen Abdussalami sun taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagare shi. Wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taho da rundunar Sakkwato ya taimaki baffansa, aka ci garin. Bayan yaƙi suka haɗu a kan dawaki. Masu tarihin Sakkwato da Gwandu sun ruwaito cewa Bello ya yunƙura zai sauka, kamar yadda ɗa yake yi wa baffa, sai Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna bisa sirdinsa, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Sannan ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Giɗaɗo ɗan Laima, alamar cewa waziranci ma ya bar masa. A gaban runduna biyu ya yi wannan, dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, ga yaron da aka haifa a gabansa, ya kuma yi karatu a hannunsa.

Mai son kushe zai ce ai dole ce ta sa, tunda sai da Bello ya cece shi. Ina jin wannan magana, ba kuma na cewa babu komai a cikinta. Amma mun sha ganin wanda aka taimaka ya ƙara ƙullata, domin taimakon ya tuna masa da rauninsa. Kuma da dole ce kawai, da gaisuwa ta wadatar; babu wanda ya tambaye shi alkyabba. Abin da ya biyo baya shi ne hujja mafi ƙarfi. Bai yi amfani da sulhun ya nemi ƙarin ƙasa ko ƙarin girma ba. Ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, yawancin harkokin mulki da yaƙi, ya koma kan buzu. A waɗannan shekaru na ƙarshe ya rubuta Kifayatu Du'afa'is Sudan, taƙaitaccen tafsiri a kan ruwayar Warshu da muke karatu da ita, domin ɗaliban da babban ya yi musu nauyi, da littattafai a kan tsarkake zuciya. Ka lura da sunan: raunanan ƙasar Sudan ya tuna. Mutumin da ya tsara nahawu da sarfu a cikin dubban baitoci, a Bahrul Muhiɗ da Hisnur Rasin, ya ƙare yana sauƙaƙa wa mai ƙaramin karatu. Ya rasu a Gwandu a 1829, kabarinsa yana can.

Akwai wani abu da zan faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Abin da ya yi gargaɗi a kansa ya auku, har a gidansa. Sarauta ta koma gado a Gwandu kamar yadda ta koma a Sakkwato da Kano da Katsina, tambura suka dawo, sunayen sarautun Hausa da aka yi wa yaƙi suka dawo da rawunansu. Ta wannan fuska bai yi nasara ba. Sai dai ya bar ma'auni a rubuce, da hannun ɗan gida, yadda duk wanda ya zo daga baya zai iya ɗora masu mulki a kai ba tare da an ce ya ari bakin maƙiya ba. Ba ƙaramin abu ba ne al'umma ta sami wanda ya rubuta laifinta tun tana ganiyar nasara, ta kuma adana rubutun, ta kwafe shi, ta karantar da shi.

Wani abin sha'awa, Bajamushe ne ya zo ya ga ƙarshen labarin da idonsa. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Halilu bai yarda sun haɗu ido da ido ba. Barth ya kwatanta shi da mai zaman kaɗaici irin na ruhubanawa, wato ya dube shi da idon ƙasarsu, ya ga shugaban gidan ibada a kan gadon sarauta, kuma ba yabo yake nufi ba, domin a lokacin Kabawa sun tayar, hanyoyi ba su da aminci. Mutanen Gwandu kuwa waliyyi suke ɗaukar Halilu. Ko wane ne ya fi gaskiya a cikinsu, Musulunci bai san ruhubananci ba, uban Halilu kuma ya gwada hanyar daji ya dawo, domin an nuna masa a Kano cewa malami ba shi da izinin tsira shi kaɗai. Amma a wannan gari da baƙon ya raina, a nan aka ba shi aron Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbutu, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ta nan ne kuma Turai ta fara sanin littafin. Gidan da Abdullahi ya bari gidan littafi ne, ko wanda ya zo da suka sai da ya ci arzikinsa.

Mu ma a nan ƙofarmu ta buɗe daga baya. A 1906 Turawa suka haɗe Daura da Zango da Baure, suka mayar da tsohon gidan sarauta birni a hannun Malam Musa. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 har 1966. Gidan da jihadi ya fitar ya komo, bai kuwa ce a kwashe littattafan Shehu da Abdullahi da Bello daga zaurukan ƙasar Daura ba. Da su ake karantarwa, jikokin waɗanda suka fita da jikokin waɗanda suka fitar da su suna sahu ɗaya, suna auratayya, abin da ya rage sai barkwanci irin na dattijon nan. Ina zaton abin da malaminmu yake nufi ke nan: wanda ya san ɗacin tsayuwa a bayan ganuwa, ya kuma haɗiye, ɗan'uwanmu ne ko daga wane ɓangare tutarsa ta fito.

Bayan rasuwar malamin na nemi gafakar nan. Magada suka ce an raba littattafai, wasu sun tafi Magarya da wani almajirinsa, wasu gara ta taɓa su a cikin adaka. Ban same ta ba. Saboda haka ina roƙon duk wanda Allah Ya bar wa irin wannan gado, a Baure ko Babban Mutum ko Zango ko cikin birni, ya buɗe adakar nan tun kafin damina, ya shanya warƙoƙin a inuwa, ya nemi mai karatu ya jera masa su da kalmar gindin shafi, a ɗauki hotonsu ko da da waya ne. In kuwa an sami tafsirin Mai Gwandu a ciki, a kai shi zaure a karanta wa yara a azumin bana.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da Bello, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya gafarta mana baki ɗaya.